Baba Mai Tocila, Wanda Ya Tsufa a Ƙarƙashin Titinmu

Kafin masu shaguna su fara share ƙofa, shi ya riga ya iso. Yakan taho yana tura baro, shebur da ƙugiya da igiya a ciki, dogon takalmin roba a rataye a wuyansa. Sai ya tsaya a bakin shagona, inda titinmu ya gangaro ya yi kwari, ya yi sallama, ya ce, "Tela, Auta ta ƙoshi?"

Auta tocila ce. Ni tela ne, shagona ne na ƙarshe a gangaren, kuma a wurina take kwana a jikin caji, don wutar layinmu ta fi ta unguwarsu zama. Sai in cire ta in miƙa masa. Ba ya karɓa da hannu ɗaya. Zai goge gilashinta da gefen riga, ya murɗe gindinta ya duba 'yar robar da ke hana ruwa shiga, ya lakato mai da ɗan yatsa ya shafa, ya mayar ya ɗaure. Sannan ya kunna ta a tafin hannunsa har yatsunsa su yi ja kamar garwashi. In ya gamsu sai ya gyaɗa kai, ya sa takalmi. Shi da abokin aikinsa, wani siririn mutum da muke kira Dogo, su sa ƙugiya su ɗaga marfin ƙarfen da ke tsakiyar titi. Dogo ya riƙe igiya, Baba ya sauka. Lokacin da mu muke buɗe taga rana ta shigo, shi lokacin yake shiga duhu.

Da yawa daga cikin masu bin titin nan ba su san abin da suke takawa ba. A ƙarƙashinsa akwai wata babbar magudanar ruwa wadda mutum zai iya tafiya a cikinta in ya duƙa. Duk ruwan saman da ya sauka a unguwannin tudu ta nan yake bi ya faɗa kogi. Duk abin da muka gaji da shi ma ta nan yake bi: leda, robar ruwa, tsumma, taya, fasasshen bokiti, mushen kare, har katifa. Aikin Baba a hukumar tsabtace gari shi ne ya yashe wannan rami, kada ya toshe ruwa ya dawo mana cikin ɗaki. Ya shiga aikin gashinsa baƙi wuluk. Yau ko ɗigon baƙi babu a kansa.

Sunan Mai Tocila kuwa ba a banza ya same shi ba. Yadda wasu ke zama su yi ta musun ƙwallo, haka shi yake da zancen tocila. In ya gan ka da ita a hannu, ko bai san ka ba, sai ya ce, "Bawan Allah, mu gani." Ya juya ta, ya auna nauyinta, ya ƙwanƙwasa jikinta da farce, ya gaya maka ko za ta kai damina mai zuwa. In ka haska masa fitilar waya sai ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ba haske ba ne, gaisuwa ce." A gidansa akwai wani kwali cike da matattun tocila, kuma kowace ya san ajalinta. Ya taɓa zazzage min su a tabarma yana nunawa: "Wannan tsatsa ce ta ci ta. Wannan ruwa ta sha. Wannan 'yar banzar kuwa ina tsakiyar rami ta mutu, da lalube na fito, gwiwa duk jini."

Ana haka ya ga Auta a wani shago da ke sayar wa masu haƙar ma'adinai kayan aiki. Ya yi ta zarya yana kallonta a cikin gilashi har mai shagon ya fara ajiye masa kujera. Ƙarshe dai ya sayar da kekensa, wanda yake hawa ya zo aiki, ya ɗauko ta. Inna, matarsa, ta zo shagona karɓar ɗinki a makon, tana faɗa tana dariya.

"Tela, ka taɓa ganin irin wannan? Mutum da jikokinsa ya sayar da ƙafa ya sayi ido! Na ce masa, Malam, tunda ka fi lallashinta a kan 'ya'yan da na haifa maka, to ita ce autar gidan."

Sunan ya bi ta ke nan.

Ranar da ya fara kawo ta ban manta ba. Baƙa ce, jikinta ƙarfe mai sanyi, an yi masa zane-zane don kada ta suɓuce a jiƙaƙƙen hannu, tsawonta bai wuce tafin hannu da rabi ba, amma in ka ɗauka sai ka ji ka riƙe abu. Yana zuwa ya kunna ta ya jefa a bokitin ruwan da nake yayyafa wa kaya in zan yi guga. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Leƙa." Na leƙa, ga ta kwance a ƙasan bokiti tana ci abinta, ruwan duk ya zama fari. Baba ya tsaya yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

Tun daga nan Auta ta zama ta titinmu gaba ɗaya. Ɗan kunnen wata ya faɗa lambatu, a kira Baba. Makullin direba ya zurma ta ramin marfi, a kira Baba. Wani ɗan ƙaramin noti ya faɗi daga keken ɗinkina ya shige ƙarƙashin kanta, na yi rarrafe har na gaji, ya zo ya kwantar da hasken a ƙasa, sai ga notin da inuwarsa doguwa kamar yana ɗaga hannu. Amma aro kam babu. Bakaniken da ke kallon shagona ya sha roƙo ya ba shi ya duba cikin inji, Baba ya ce, "Ba a aron Auta. Gayyatarta ake yi, ni kuma ɗan rakiya ne." Haka zai je ya tsaya a kan mota yana haska masa har a gama, bai taɓa karɓar ko ruwan sha ba.

Kai ne wanda muke toshe hanci in ka wuce, Baba. Kai ne wanda in ka miƙo hannu za a gaisa, sai mutum ya ba ka wuyan hannu. Ka sani, ka gani, ba ka taɓa nunawa ba.

Wata damina, da la'asar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɓarayin ƙarfe sun riga sun sace wani marfi a can saman titi, ruwa kuma ya rufe ramin ba a ganinsa. Wata malamar makarantar firamare ta taso daga aiki, ta tattare zane tana ratsa ruwan, sai kawai aka ga babu ita. Mutane suka yi ta salati suna nuna wurin, ba wanda ya matsa. Bakaniken nan yana wajen, shi ya ba ni labarin abin da ban gani ba. Ya ce Baba ya zo a guje, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ce da shi da Dogo, "Ku riƙe. In na ja sau biyu, ku jawo, ko me kuka ji." Ya ɗaura Auta a wuyan hannu ya sauka, ruwa har ƙirji.

Bakanike ya ce igiyar ta yi ta tafiya a hannunsu har ya fara tunanin abin da zai gaya wa Inna. Can sai suka ji ja. Suka jawo, suka jawo, sai ga Baba ya ɓullo da matar a kafaɗa, tana amai da baƙin ruwa.

Daga baya malamar ta kawo min ɗinki, ta zauna ta gaya min da bakinta. "Wallahi Tela na riga na sallama. Na kama wani ƙarfe, shara tana dukan fuskata, duhu kamar kabari. Sai na ga wani farin haske yana tahowa, na ce shi ke nan, mala'ika ne ya zo ɗauka. Sai na ji mala'ikan yana tari, yana cewa, 'Baiwar Allah, kar ki saki ƙarfen nan.'"

Masu ɗaukar hoto sun iso bayan an gama komai, suka ɗauki ramin da motar da ta kai ta asibiti. Baba yana bayan shagona yana wanke jikinsa da ruwan bokiti, ba wanda ya tambayi sunansa. Ramin kuwa katako aka ɗora masa a kan za a kawo marfi. Katakon ya ruɓe, an sa wani, shi ma ya ruɓe.

A da su da yawa ne masu wannan aiki. Wanda ya tsufa ya tafi, wanda ya mutu aka binne, ba a taɓa kawo madadin ko ɗaya ba, har ya rage daga Baba sai Dogo. Shara kuwa kullum ƙaruwa take, don garin yana ta faɗi, kowane sabon gida da nasa bokitin.

Daminar bara ce ta karya shi. Wata katifa da tayoyi suka toshe kwanar da magudanar ta karya ta nufi kogi. Ran nan ciwon baya ya riƙe Baba, ko duƙawa ba ya iyawa. Dogo ya ce, "Yaya, yau ka zauna a sama, ni zan shiga." Ina tsaye a ƙofar shago na ga Baba ya dubi tocilarsa. Sai ya zare igiyar Auta daga wuyan hannunsa, ya ɗaura a na Dogo, ya ja kullin da haƙori. Dogo ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah! Yau an ba da aron Auta. Tela, ka zama shaida."

Rana tana nan tar a kanmu, ko gajimare babu. Ashe can bayan tudu, inda ba ma gani, ruwa ake yi. Baba ne ya fara ji. Ya ce wata iska mai sanyi ta huro daga ramin ta taɓa masa ƙafa, ya san abin da ke bayanta. Ya kifa kai cikin ramin yana ihu, "Dogo! Fito! Bar komai ka fito!" Ya ja igiya, ta taho masa shafal, babu nauyi. Ashe Dogo ya kwance ta don ta gaza kai shi kwanar. Kafin ka ce me, ruwa ya cika ramin ya fara tumbatsa ta baki. Mu huɗu muka danne Baba a kan kwalta, don shiga yake son yi.

Da ruwan ya ja, bai jira kowa ba. Ya karɓi wata tocilar roba a hannun mai gadin kanti ya sauka. Ni da bakanike muka riƙe masa igiya. Ya daɗe. Da ya fito sai ya zauna a bakin ramin ƙafafunsa a ciki. Sai bayan an kai Dogo makwancinsa, an kwana biyu, ya gaya min abin da ya gani.

"Tela, ban sha wahalar nemansa ba. Ina karya kwanar na hango haske a ƙarƙashin ruwa, can jikin wata ragar ƙarfe. Tana ɗaure a hannunsa, tana ci." Ya juya Auta a tafin hannu. "Masu ƙera ta ba su yi ƙarya ba. Ruwa bai shige ta ba. Dogo ne ruwa ya shiga."

Na zaci daga nan zai ajiye aikin. Inna ta roƙe shi, 'yarsa ta fari ta zo daga gidan mijinta ta yi kuka. Ya ce musu, "In na bari, wa zai shiga?" Ya ci gaba shi kaɗai. Yakan ɗaure igiya a ƙarfen ƙofar shagona ya ce, "In ka ji ƙofa ta girgiza, ka leƙo." Ni kuwa sai in kasa ɗinki, ƙafata a kan keke, kunnena a kan ƙofa. In ya tashi aiki kuma ba gida yake wucewa ba, sai ya biya ta wajen iyalin Dogo, ya duba rufinsu ko yana yoyo, ya zauna da yaran kaɗan. Matar Dogo ta ce bai taɓa iya haɗa ido da ita ba, ita kuwa ba ta taɓa ganin laifinsa ba.

Kai ne ginshiƙin da aka binne a ƙasa, ana rawa a kanka ba a san da kai ba. Kai ne ka sha warin garin nan don mu sha iska.

Bayan 'yan watanni ya fara ƙorafi. "Tela, anya cajinka yana cika kuwa? Auta ta rage kaifi." Na sauya mata waya, na sauya soket. Ya je ya sayo sabon batir. Ya dawo ya ce har yanzu dai. Wata safiya ya ajiye ta a kan teburin yankana ransa a ɓace, ya ce, "Ita ma ta gaji. Gefe-gefen nan duk ya mutu, sai ɗan tsakiya. Kunna ka gani."

Na kunna na haska bango. Sai da na runtse ido. Hasken yana nan fari fat kamar ranar da ya jefa ta a bokiti, ya cika shagon har ana ganin ƙurar yadi tana yawo. Na juyo na dube shi. Yana kallon bangon ya ƙanƙance ido yana jira in ce haka ne.

Na ce, "Baba, yaushe rabon da a duba maka ido?"

Ya miƙo hannu zai ɗauki tocilar, hannun ya sauka a gefenta, ya laluba sannan ya same ta. Ya ce, "To."

'Yarsa ta kai shi asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a hankali ta gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe ɗan abin da ya rage. Wanda kullum cikin duhu yake aiki, ina zai lura duhu ya ƙaru?

Watan jiya ya ajiye aiki. Ba taro, ba jawabi. Shugabansu ya aiko mota ta kwashe baro da shebur da ƙugiya, don kayan hukuma ne. Ɗan aiken ya ga Auta a hannunsa ya ce, "Baba, har da wannan." Baba ya ce, "Wannan tawa ce, ɗana. Hukuma ba ta taɓa saya min ko ashana ba."

Ya sa an faɗa a titi cewa duk wanda zai karɓi aikin ramin, zai ba shi Auta kyauta, ya kuma zauna a sama ya koya masa kowace kwana da baki. Masu son tocilar sun zo. Mai gadi ya zo, bakanike ya zo, wani mai kanti ya ce a faɗi ko nawa ne. Baba ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta mai shiga ce. Wasu majiya ƙarfi da ke neman aiki sun zo, aka ɗaga musu marfi, suka leƙa, suka ja da baya suna tofar da yawu. Ban ga laifinsu ba. Sun ga abin da ramin ya yi wa Dogo, suna kuma ganin abin da ya bar wa Baba. Wani ya ce ai yana da ɗa namiji, me zai hana shi ya gada? Inna tana wurin. Ta ce, "Na ba ramin nan miji. Ba zan ba shi ɗa ba." Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Yanzu 'yarsa ce ke riƙo hannunsa ta kawo shi bencin ƙofar shagona, don ya ce zaman gida yana kashe shi. Yakan zauna ya karkata kai wajen ramin. Shekaranjiya wata mata ta zo da bokitin shara, ta dube shi, ta ga ba ya ganinta, ta juye a lambatu ta wuce. Ya ce a hankali, "Leda ce da kwalabe. A kwanar farko za su tsaya." Sai ya ɗaga fuska sama yana shaƙar iska.

"Tela, yaya gabas take?"

Na duba. Na ce, "Ta yi baƙi, Baba."

Ya ce, "Ƙarar ruwan nan ta ƙasa ta sauya, ba ya wucewa, taruwa yake. Ka ɗaga kekenka da yadin mutane sama. Ka gaya wa na kusa da kai."

Baba, ban san ko wani zai karanta maka wannan ba, kuma na san godiya ba ta mayar da ido, ba ta tayar da Dogo. Amma ita muke da ita, kuma mun makara da ita. Mun gode. Daminar da muka kwana a busasshen ɗaki ba mu san don kai ba ne, mun gode. Malamar nan da ke tsaye gaban allo yau, yaran da take koyarwa ba su san sunanka ba, a madadinsu mun gode. Ka yafe mana hancin da muka toshe da hannun da muka janye. Allah Ya saka maka da hasken da ba ya dushewa, Ya jiƙan Dogo, Ya raya abin da ya bari.

Ku kuma da kuke karantawa, ba na jin akwai garin da ba shi da irin wannan mutum a ƙarƙashin wani titi. Ku neme shi tun yana gani. In ya fito daga rami, ku ba shi hannu gaba ɗaya. Mai iko ya ɗauki ma'aikata, ya ba su kayan da za su shiga su fito da rai. Mai ƙarfi da zuciya ya zo, Baba yana nan a benci yana jira. Wanda ba zai iya ko ɗaya ba, ya riƙe shararsa a hannu har ya kai ta inda ya dace, wannan kam bai fi ƙarfin kowa ba.

Ina faɗa ne kawai, don na ga yadda ake jin irin wannan magana a wuce. Ni dai na bi shawararsa, na ɗora kekena a kan tebur, na tura yadin mutane can saman kanta. Amma a bayan shagona akwai gidaje a cikin kwari, masu ɗaki ɗaya da tabarma a ƙasa da yara ƙanana. Su ina za su ɗaga nasu?